Ƙanwata ta dawo daga aji ɗaya kayanta sun ƙi shigarta, ina mafita?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema, don Allah kada a mayar da ita wasa. Ƙanwata ta shiga jami'a a Zariya bara. Da ta dawo dogon hutu, ɗinkunan da aka yi mata na tafiya babu wanda ya zauna mata daidai, siket biyu sai da tela ya buɗe su. Muka hau sikeli a kemis, ta ƙara kilo 6. A gida murna ake, wai boko ya karɓe ta. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, saboda Hajiyarmu na fama da ciwon suga da hawan jini. Ga autanmu kuma ya samu gurbi a Bayero. Waɗanda suka yi zaman hostal, me ke kawo wannan, kuma me zan gaya musu wanda zai yiwu a aikace? Ban da shawarar a riƙa cin tuffa da inibi, kun dai san aljihun ɗalibi.

Ɗan Samaru: Wa alaikumus salam. Anti, wace jami'a ce wannan da ake ƙiba a cikinta? A taimaka mana da fom mu koma. Mu a zamaninmu lissafin ciki ake yi, 0-1-0: safe babu, rana a taɓa, dare a kwanta da salati. In wata ya yi nisa a koma 0-0-1, shi ma ɗayan kwaki ne da ƙuli. Da na dawo hutun farko Inna kallona ta yi ta ce wa ya yi mini asiri.

Bakatsine: Gaya mata dai. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kwanon shinkafa ya fi ƙarfin talaka. Wanda ya samu bashin karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, ma naira 20,000 ake ba shi a wata na kashewa. A cikinta zai yi hoton takardu, ya sayi data, ya hau ɗan sahu, sannan ya yi teɓa? Wannan matsalar 'ya'yan masu da shi ce.

'Yar Aji Uku: Yaya Bakatsine, da ka leƙo hostal ɗin mata da ba ka faɗi haka ba. Waɗanda na ga sun fi hawa ba 'ya'yan masu kuɗi ba ne, su waɗannan ai kular abinci ake aiko musu daga gida ko su shiga gari su ci mai kyau. Bari in zayyana muku ranar 'yar aji ɗaya.

Lakcar ƙarfe takwas, kuma in ba ki je da wuri ba a tsaye za ki yi ta, don haka babu zancen karyawa. Sha biyu ta yi cikinki na kuka, babu lokacin komawa ɗaki, sai ki tsaya wajen mai awara. Ki sayi ta soye da ƙwai, a barbaɗa yaji, ki kora da lemon kwalba ko zoɓo mai sanyi wanda sukarinsa har manne leɓe yake. Wannan a wajenki ba abinci kika ci ba, kin dai taɓa. Da la'asar fanke ko cincin. Sai bayan isha'i ake cin abinci na gaske, kuma a gajiye kike, wa zai tsaya girki? A tafi wajen mai shayi. Ku tsaya ku kalli hannunsa wata rana: zai tsiyaya mai a kasko daga gora ba awo, ya soya albasa da attaruhu, ya juye Indomie biyu, ya sake tsiyaya wani man ya soya ƙwai biyu. Ga burodi, ga shayi haɗin kauri, madara da sukari da Milo har cokali na neman tsayawa. Ki cinye ƙarfe sha ɗaya, ki haye gado da waya. Gobe a maimaita.

Mai yin wannan za ta rantse miki sau ɗaya take cin abinci a rana, kuma ba ƙarya take ba.

Ɗan Samaru: Kai, wannan bayanin ma ya sa ni jin yunwa.

Likitan Gobe: Abin da 'Yar Aji Uku ta kawo shi ne zancen. Ni a sashen likitanci nake, shekarar ƙarshe, bari in ɗora lissafi a kai.

Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, giram ɗaya na sukari, ko sitaci irin na shinkafa, ko furotin irin na nama, kalori 4 ne. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa kusan kalori 120 ke nan, kuma ba ya cika ciki, ba ka ma san ka ci shi ba. Ita taliyar leda tun a kamfani an soya ta a mai kafin a busar, shi ya sa take dahuwa cikin minti uku, sai mai shayi ya zo ya ƙara nasa. Lemon kwalba kuwa, yawancinsu sukari kusan giram 10 ne a kowane mil 100. Ke nan robar 50cl ta kai giram 50, sama da ƙananan cokula 12. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum ke samu a rana, in da hali ma ya tsaya a kusan giram 25. Roba ɗaya ta ninka wannan. Kuma abin da aka sha ba ya ƙosarwa kamar abin da aka tauna, za ka shanye ka nemi abinci.

Saboda haka Yaya Bakatsine, rashin kuɗi ba ya hana ƙiba. Abin da ya fi arha a bakin aji shi ne fulawa, sukari da mai. Wanda ya rame da wanda ya hau duk a rami ɗaya suke: babu tsarin cin abinci. Ɗaya ba ya samu ne, ɗayan yana tara yunwar yini ya sauke ta da dare a kan abin da ya fi nauyi.

Bakatsine: Na ji, Likita. To amma ai an sa wa lemon haraji, naira 10 a kan lita tun 2022, bai hana kowa sha ba.

Likitan Gobe: Naira 10 a kan lita wa zai ji ta? Kuma zoɓo da kunun aya da jinja na robobi babu mai karɓar harajinsu, ga shi wani lokacin sun fi na kamfani zaƙi. Ba zoɓon ne matsala ba, hannun mai zuba sukarin ne.

Hajiya Babba: Ni dai 'ya'yan nan ba na gane muku. Yarinya ta tafi karatu ta dawo ta yi kyau ta murje, maimakon a gode wa Allah sai a kai ta sikeli kamar buhun masara? Da ta dawo a rame da yanzu kuna nan kuna cewa ba a kula da ita ba. Mace ai da jiki aka san ta. Shekararta nawa ma? Girma ne kawai ya zo.

Maman Ilham: Hajiya, Allah ya ƙara girma, sha tara take. Wallahi ba kyan nata nake ƙi ba. Ni nake raka Hajiyarmu asibiti duk wata, ni nake sayen magani, na san abin da nake gudar mata. Likita, tsayinta kamar mita 1.6, ta tafi da kilo 58, yanzu 64.

Likitan Gobe: Hajiya tana da gaskiya ta wani ɓangaren, mai shekara 18 zuwa 20 jikinta bai gama zama ba, ƙarin kilo ɗaya ko biyu ba abin tashin hankali ba ne. Ko a Amurka da suke yawan cewa ɗalibi na ƙara fam 15 a shekarar farko, kusan kilo 7 ke nan, da aka bi diddigi an ga yawanci bai wuce kilo ɗaya zuwa biyu ba. Amma 6 a shekara guda ya yi sauri.

Ga yadda ake aunawa: a raba nauyi da tsayi sau tsayi. 1.6 sau 1.6 ya ba da 2.56. A raba 58 da shi, 22.7. A raba 64, 25 cif. Daga 18.5 zuwa 24.9 shi ne daidai, daga 25 an fara wuce kima, 30 kuma ƙiba ce da likita zai kira cuta. Ke nan tana bakin layi, ba ta faɗa ba. Abin dubawa shi ne saura shekara uku ko huɗu a gabanta, in kowace ta zo da nata kason fa? Wanda ba ya son lissafi ya samu igiya ya auna tsayinsa, ya ninke ta biyu, ya zagaya cikinsa daidai saman cibiya. In ta haɗe, lafiya. In ta ƙi haɗewa, kitsen ciki ya fara yawa, kuma shi ne ya fi alaƙa da suga.

Sista Nas: Tunda an taɓo zancen mace da jiki aka san ta, bari in faɗi abin da ba a son faɗa. Maman Ilham, ban ce ƙanwarki na yi ba, amma ki tambaye ta cikin hikima ko akwai abin da take sha. 'Yan mata da yawa suna shiga makaranta sirara, a ɗaki a yi ta tsokanarsu, wata ƙawa ta ce ga sha-ka-fashe. Mafi yawa abu biyu ne a ciki. Ɗaya sifrohebtadin, maganin ƙaiƙayi da mura ne asalinsa, yana buɗe ciki ya sa barci. Ɗayan deksametason, wanda shi ne mugun. Magani ne mai amfani in likita ya rubuta, amma a sha shi wata da watanni don ƙiba, fuska ta kumbura ta yi zagaye, ciki da doron wuya su tara kitse, hannu da ƙafa su sirance, nankarwa ta fito jajir. Yana tayar da suga da hawan jini, ya raunana ƙashi, ya karya garkuwar jiki. Kuma wadda ta daɗe tana sha ba a yanke shi rana ɗaya, jiki na iya rikicewa har a kwanta, a asibiti ake rage shi sannu a hankali. Na ga waɗanda aka kawo mana a haka, iyaye na cewa ai ƙibar jin daɗi ce.

Hajiya Babba: Subhanallahi. Wannan kam ban goyi baya ba. Mu a da kunun kanwa da fura aka sani.

Shiru Ma Magana: Ina ta karantawa, ban so yin magana ba. Don Allah Anti ki bi ta a hankali. Ni ma na hau a aji ɗaya, kuma abin da ya fi ƙibar ciwo shi ne bakin mutane. Kowa ya gan ki sai ya ce ke kuma ina za ki kai wannan jikin. Har 'yan gida. Hakan ya sa na koma shan shayin rage ƙiba da ake tallarsa a Instagram, na yi ta zarya banɗaki, jiri na ɗibata a aji. In za ki yi mata magana kada ki fara da sikeli ko siket. Ki fara da ciwon Hajiyarku, ki ce dukkanku abin ya shafa, har ke.

Sista Nas: Sannu ƙanwata. Irin wannan shayin yawanci ganyen filasko ne ko danginsa, wato maganin wanke ciki. Ruwa yake fitarwa ba kitse ba, sikeli ya sauka yau, jibi ya koma inda yake.

Maman Ilham: Na gode da wannan, wallahi na ɗauka. Zancen ƙwayoyi kuma zan bincika, duk da fuskarta ba ta canja irin yadda Sista ta kwatanta ba.

Malam na Tudun Wada: Allah ya saka wa masu bayani. Abin da likitoci ke faɗa yana nan a hadisin Miƙdam ɗan Ma'adi Karib da Tirmizi ya ruwaito, cewa ɗan Adam bai cika wani mazubi da ya fi cikinsa sharri ba, in kuwa ba makawa to kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Ga kuma azumin Litinin da Alhamis, lada biyu.

Ɗan Samaru: Allah ya gafarta Malam, ɗalibi ai kullum cikin azumi yake, niyya ce kawai babu.

'Yar Aji Uku: Malam, azumin yana da kyau, amma in an sha ruwa da soyayyen dankali da ƙosai da kunu da lemo sannan a bi da Indomie, an dawo gidan jiya. A watan Ramadan ma akwai waɗanda suke fitowa sun fi yadda suka shiga.

Malam na Tudun Wada: Ai shi ya sa na fara kawo hadisin kafin azumin.

Ɗan Damagaram: Gaisuwa daga Nijar. Ni na yi Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Mu muna da resto, wato gidan cin abincin jami'a, da tikiti ake ci, saboda haka lokacin abinci sananne ne, ko kana so ko ba ka so. Wannan ya taimaka, mutum ba ya kai dare da yunwar yini. Namu abin shi ne shayin fada. A zauna bayan isha'i a ɗora buta kan gawayi, na fari, na biyu, na uku, kowane zagaye da nasa sukarin. Ƙaramin kofi ne, shi ya sa ba mai lissafa shi. Ga shi yana hana barci, ƙarfe biyu na dare ka ji yunwa ka nemi burodi da mayonez.

Likitan Gobe: Ka taɓo wani babba, barci. Baligi yana buƙatar aƙalla awa 7. In barci ya gaza, sinadarin da ke sa jin yunwa yana ƙaruwa, wanda ke sanar da ƙoshi ya ragu, kuma ran mutum ya fi karkata ga zaƙi da maiƙo. Masu kwana a aji lokacin jarrabawa da biskit da lemon ƙara kuzari a gefe, ku kuka da kanku. Abin da aka karanta ma barci ne ke zaunar da shi.

Basakkwace: Duk kun yi ta zancen ci, ba ku yi na tahiya ba. Mu a Danfodiyo zahin rana shi ka hana mutum tahiya ƙasa, amma da asuba ko bayan la'asar ba uzuri.

Tsohon Ɗan Bayero: Wannan ga autanku ne, Maman Ilham. In a sabon mazauni zai zauna, na titin Gwarzo, fili ne mai faɗi, tsakanin hostal da tsangayu tafiya ce sosai. Ya mayar da ita ribarsa. Ya fito da wuri ya taka da ƙafa maimakon hawa abin hawa kullum, kuɗinsa ma sun huta. Yaran da suka fito daga sakandaren kwana ba su san yawan motsin da suke yi a can ba: shara, ɗiban ruwa, ƙwallo, fareti. Rana ɗaya duk wannan ya tsaya, ci kuma bai ragu ba. Ya nemi 'yan ƙwallon yamma tun makon farko, kafin ya saba da kwanciya.

Likitan Gobe: Minti 150 a mako ake nema na motsin da zai ɗan sa haki, wato rabin awa sau biyar. Tafiya da sauri ta wadatar. Mata su haɗu su uku ko huɗu su zagaya bayan asuba, ya fi aminci kuma ba a saurin dainawa. Sai dai kada a yaudari kai, tafiyar rabin awa ba ta ƙone abin da robar lemo ɗaya ta zuba ba. Gyaran daga baki yake farawa.

Uwar Ɗaki: Ni ba likita ba ce, amma yara uku na yaye daga jami'a, na huɗu na ciki. Kuskuren daga gida muke yinsa. A cika wa yaro jaka da katan ɗin Indomie, gwangwanin madara, Milo, sukari, cincin bokiti guda, a ce an yi masa sayayya. Abin da ka ba shi ai shi zai ci. Ni yanzu wake nake fara aunawa, sai shinkafa, garin ɗanwake, garin kunu, busasshen zogale, kuka, daddawa, ƙuli, gyaɗa, busasshen kifi, yaji mai kyau. Indomie kaɗan, na ranar da aka makara.

Sannan na ce su haɗa tukunya da 'yan ɗaki. Mutum ɗaya ba zai iya girki kullum ba ga lakca, amma su huɗu kowa ya ɗauki ranarsa, abin ya zo da sauƙi. Ranar Lahadi a yi miya mai ɗan yawa. Da safe ko kunu ne da ƙosai biyu ko dafaffen ƙwai a sa a ciki kafin a fita. A jefa gyaɗa ko dabino ko aya a jaka da gorar ruwa. Yalo, karas, gurji, kankana, lemon zaƙi, duk a bakin get ake sayar da su kuma ba su kai kuɗin lemon kwalba ba. Garau-garau ba laifi, a yawaita waken, a zuba mai da cokali ba da ludayi ba, a yanka kabeji ko latas. Kwaɗon zogale da ƙuli abincin dare ne mai kyau.

Bakatsine: Mama, waken ma yanzu ai ya zama na manya.

Uwar Ɗaki: Ɗana, ɗauki biro ka lissafa Indomie biyu da ƙwai biyu da shayi sau bakwai, ka kwatanta da kwanon wake, ka dawo mu yi magana.

Sabon Jambito: Don Allah tambaya. Ni ina da olsa, an ce kada in bar cikina da yunwa, shi ya sa kullum ina cikin ci, ga tumbi ya fara fitowa. Ya zan yi?

Likitan Gobe: Wa ya ce maka olsa ce, an gwada? Gyambon ciki yawanci wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, H. pylori, ko yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac. Yunwa na iya tayar da zafin, amma ba ita ce tushe ba. Ka je asibitin makaranta a gwada, in ita ce akwai maganin mako biyu da ke kashe ta. Kafin nan ka ci kaɗan-kaɗan a kan lokaci, ba biskit da madara duk awa ba.

Maman Ilham, ke ma kafin ta koma a yi mata gwajin suga da safe kafin ta ci komai, a auna jini, tunda akwai shi a gida. In kuma ƙibar ta zo da rikicewar al'ada, ko gashi a haɓa, ko kasala da jin sanyi fiye da kima, wannan ba zancen mai shayi ba ne, a ga likita.

'Yar Aji Uku: Mama Uwar Ɗaki, matsalarmu da wake gas yake ci, kafin ya nuna ƙaramar tukunya ta yi rabi.

Uwar Ɗaki: Ki wanke ki jiƙa shi tun dare, da safe ki zubar da ruwan ki ɗora da sabo. Rabin lokacin zai ɗauka, kuma ba ya kumbura ciki sosai. Ki dafa na kwana biyu lokaci guda, ki ɗumama da dare da safe don kada ya lalace.